Garin Bizmut da Baƙin Harshenka

Assalamu alaikum Baban Amna,

Ina gaishe ka, da fatan kana kwance cikin rahama. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma ba ni da wanda zan faɗa wa sai kai.

An yanke dawa a nan Gadambaliya, ta yi kyau. Amna ta koma makaranta. Ni kuwa ina takaba, kuma ba mai cin abincina. Yayarka Hajja Kaltume takan zo, in kawo mata kisra, wainar dawar nan, da miya, ta ce a ƙoshe take. Ko ruwan randarmu ta hana jikokinta sha. Wai wanda ya yi maka wanka ya ga harshenka baƙi ƙirin, shi ke nan magana ta zaga unguwa cewa sammu aka ba ka a abinci. To wa ke dafa maka in ba ni ba?

Ni dai zargina yana kan farin garin nan, bizmut, da kake sayowa a kasuwar Gadarif kana damawa bayan kowane cin abinci, kana cewa tun kakanni da shi ake kwantar da ƙwarnafi. Kakannin wa? Kai ma fa ban wanke ka daga laifi ba. Kana ta ramewa, amma da na ce mu je asibiti sai ka ɗaga ƙullin garin ka ce ga likitanka. Ƙwarnafi ne kawai, ko ka san abin da ke cinka ka rufe mini? Wallahi ina kewarka, kuma ina jin haushinka.

Na sami ragowar garin a aljihun jallabiyarka. Kwana biyun nan ina damawa ina sha yadda kake yi, ba wanda ya sani. Da tsoro nake haɗiyewa, kada in ɓoye maka. Yau da safe na duba madubi, harshena ya yi baƙi sak irin naka, kuma lafiyata lau.

Gobe sadakar arba'in ɗinka, mata za su cika tsakar gida. Zan durƙusa in gaishe da Hajja Kaltume, sannan in buɗe baki in nuna mata harshena, in ya so ta faɗi wanda ya sammace ni. Ita kam na samo mata amsa. Amsar tawa tambayar ce ka tafi da ita.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka.

Matarka, da ba ta taɓa zuba maka komai a miya ba sai gishiri,
Uwar Amna