Abin da Doguwa Ta Faɗa da Yaren da Ba Na Ji

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da yara. Ya ƙafar Inna? Na sauka lafiya. Doguwa 'yar Gwaggo ce ta tarye ni, a ɗakinta nake.

Yaya, ƙasar nan yare biyu gare su, ni ɗaya na iya. Doguwa ta zaunar da ni ta koya mini zama da su. Mutum za ki gaida da yarukan biyu, wanda ya amsa da shi, da shi za a ci gaba. Ba a latti, ba a zuwa gidan mutane hannu rabbana. Ta ce kuma baƙo ba ya magana gaban manya sai ta bakin wanda ya kawo shi.

Jibi za ta kai ni cin abinci gidan mai shagon da ta nuna wa rigunan da na yi wa surfani. Ki taya ni da addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ga yadda aka yi.

Mun je. Na miƙa furanni, na yi gaisuwa biyun, mai shagon ta amsa da yaren da ba na ji, na ja bakina. Ana ɗaga rigunana ana yabo, Doguwa na dafa ƙirji, ni ina ta murmushi kamar sakarya.

Da na kai kwanuka kicin, mahaifiyar mai shagon ta biyo ni, ta yi mini magana da yaren da nake ji. Ta ce a nan shirun baƙo a tebur raini ne, amma sun yi mini uzuri tunda 'yar aiki ce ni. Wai na dace da uwar ɗaki irin Doguwa mai wannan surfani, in dage ko ta koya mini riƙe allura.

Yaya, Doguwar da muka tashi muna cin kwano ɗaya!

Ban ɗaga murya ba. Na roƙi allura da zare, na koma tebur, na fitar da fure a gefen hankicina suna kallo. Sannan na miƙa wa Doguwa allurar. Ko zaren ta kasa zurawa.

Litinin zan fara aiki a shagon, na kuma kwashe kayana daga ɗakin Doguwa. Amma wallahi ko daɗin aikin ban ji ba. Gwaggo za ta tambaye ki ko 'yarta na kula da ni. Ki nemo mata amsa, ni na kasa.

Ki gaida Inna.

Taki,
Auta