Ranar da Aka Zo Duba Idon Kaka

Zuwa ga Kawu Lawal,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya aiki, ya zaman Fatakwal? Mu nan Ƙofar Guga lafiya lau, sai dai idon Kaka.

Makon jiya ma'aikatan lafiya suka bi gida-gida, wai sabuwar gwamnatin farar hula na son sanin yawan masu amosanin ido. Tun bayan tafiyarka gashin idon Kaka ya juya ciki yana sukar ta, kullum sai na cire mata da matsefata kafin in tafi makaranta. Da ta ji shelar mai unguwa, ta ce ba za ta tarbi baƙi ido na zubar ruwa ba. Ta sa na tsige shi tas, ta rambaɗa kwalli.

Ma'aikacin ya haska da tocila, bai ga gashi ba. Ya ce, "Hajiya, ai idonki ya fi nawa." Ta ce, "Da mi kake tsammani?" Na so in yi magana, kunya ta hana ni. Maƙwabciyarmu da ta bar nata, an tura ta asibiti za a yi mata aiki.

Yanzu gashin ya sake tsirowa, ya fi na da kaifi. Na gaji, Kawu, ga jarrabawa ta matso. Jiya da rana tsaka ina tsaye gaban Kaka, ta tambaye ni wace ce.

Don Allah ka rubuto mata ta yarda a kai ta asibiti, maganarka kaɗai take ji. A sa mu a addu'a. A gaida yara.

'Yarka,
Rabi