Tarin Wandunan da Ke Rufa wa Kawu Asiri

São Paulo, 14 ga Mayu

Mama,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar taki da sanyin El Alto? Ki gaida Nélida da yaranta. Ni lafiyata ƙalau, ina cin abinci, kada ki damu. Har an ba ni shugabancin layin ɗinkin wanduna a masana'antar da muke aiki.

Maganar ƙaninki ce, Kawu Eulogio. A da kowane tela yana da tarin wanduna a gefensa. Ni na ba mai masana'anta shawara a kwashe tarin, wando ya riƙa wucewa ɗaya bayan ɗaya, don a ga inda aiki ke tsayawa. Ashe Kawu, da ke sa zif, idonsa ya yi rauni, shi ya sa yake riga kowa zuwa ya tara wandunan da ya gama, don kada a gane ya rage sauri. Wallahi ban sani ba, Mama. Kwana uku layin duka yana tsayawa jiransa, kowa na kallo.

An mayar da shi yanke zare. Da na je ba shi haƙuri, dariya ya yi, ya ce, "Injiniya, ai ka gano matsalar. Ga ta nan zaune."

In maƙwabcinmu Rufino zai taho nan, ki aiko da busasshen dankalin nan naki, Kawu na marmarinsa. Idan Kawu ya kira ki ya ce shi ya nemi canjin aikin, ki nuna kin yarda. Shi ya kawo ni garin nan, shi ya koya mini zura zare a allura.

Allah ya ƙara miki lafiya. Ki sa ni a addu'a.

Ɗanki,
Wilmer