Ina Sunan Ɗanlami a Faifan Tartsatsi?

Zuwa ga Alhaji Tijjani Mai Tartsatsi,
Shugaban Kamfanin Faifai na Amon Jiya, kuma tsohon jagoran ƙungiyar kiɗa ta Tartsatsi,
Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatan kamfaninka. Allah Ya ƙara wa rayuwa albarka.

Ranka ya daɗe, ni ne Hamisu, wanda ya buga maka ganga shekara da shekaru, ƙanin marigayi Ɗanlami mai jita. Kai ka san ni, amma tunda a bainar jama'a nake magana, dole in gabatar da kaina. Ina zaune a Guangzhou ta ƙasar Sin, ina da ɗan ofis a benen Tianxiu inda nake yi wa 'yan kasuwarmu lodin kaya zuwa gida. Ban so maganar nan ta fito fili ba. Na kira ka a waya, ka faɗi abin da ka faɗa ka kashe. Na tura dattawa biyu har gidanka, aka ce musu kana barci. Wannan ce ƙofar da ta rage mini.

Yaran yanzu ba su san Tartsatsi ba. Samari biyar ne mu a Kano, 'yan shekaru bayan yaƙin basasa, da wando fantalo da suma kamar kwando. Kiɗan Turawa mai ƙarfin nan na jita mai lantarki muke yi, amma da Hausa, kuma da salon kalangu a ƙarƙashinsa. Kai ne mai waƙa, kai ne mai magana da masu gidajen wasa. Ɗanlami ne mai jita, kuma shi ke ƙirƙiro yawancin waƙoƙin a zauren gidanmu na Fagge, mahaifiyarmu tana faɗa daga ciki wai mun hana kajinta sakewa. Babban wasan da muka taɓa yi shi ne na gidan siliman nan na Sabon Gari, ranar da mutane suka hau katanga don rashin wuri. Wani abokinmu ma'aikacin gidan rediyo ya naɗi wasan a babban tef mai zagaye kamar faranti, ya ba Ɗanlami. Da ciwo ya fara taɓa shi, Ɗanlami ya damƙa mini tef ɗin ya ce in ɓoye, don ya fara jin ba ya riƙe abu. A gwangwanin biskit na adana shi. Duk inda neman abinci ya kai ni, daga Legas har nan Sin, yana cikin akwatina.

Ga ƙorafina.

Na farko, amanar da na ba ka.

Bara ka kira ni, kana ce mini ƙanena. Ka ce lokaci ya yi da za a fitar da wasan nan a faifai, don 'ya'yanmu su san mun taɓa yin wani abu a duniya. Da ka ambaci Ɗanlami muryarka ta karye, har sai da na ba ka haƙuri. Ka ce, “Hamisu, faifan nan na yayanka ne. Hotonsa ne zai hau gaba.” Ban roƙe ka wannan alkawari ba, kai ka ɗauke shi da bakinka.

Na shiga kasuwannin tsofaffin kayan lantarki na garin nan ina neman na'urar da za ta iya juya irin wannan tef. Duk shagon da na nuna shi sai a kaɗa hannu a ce “meyo”, wato babu. Daga ƙarshe na dace da wani tsoho Basine a wani lungu, yana da irin na'urar. Damshin garin nan ya sa tef ɗin ya fara fumfuna, tsohon ya bi shi da auduga a hankali kamar mai wankin jariri. Da ya kunna, na ji Ɗanlami yana gyaran murya yana ce wa jama'a su matsa baya kada su ture lasifika. Rabona da muryar nan tun kafin ya kwanta dama. Tsohon ya ga halin da na shiga, ya zuba mini shayi ya fita waje ya bar ni.

Ɗanka Nura ya zo sarin kaya a lokacin. Na haɗa masa tef ɗin da kwafin da tsohon ya fitar, duka biyun, na ce ya kai maka hannu da hannu. Ban rage komai a wurina ba. Ina ganin abin kunya ne mutum ya ba babban yayansa amana sannan ya ɓoye wani abu a aljihu don ko-ta-kwana. Yanzu lungun tsohon ma babu shi, an share shi a gyaran garin da aka yi gabanin wasannin Olamfik, kuma maƙwabtansa ba su san inda ya koma ba. Ke nan duk duniya babu inda ainihin wasan nan yake sai a hannunka.

Na biyu, da hannuna ka yi aikin.

Ni na nemo maka masana'antar da ta buga faifan a bayan gari. Sautin da aka gyara da zanen bango kuwa Nura ne ya tura musu kai tsaye daga Kano, ya ce mini don a rage ɓata lokaci. Ban kawo komai a raina ba. Kaya suka fito a katan-katan a liƙe, ana ta gaggawa saboda bincike ya tsananta a tashoshin jiragen ruwa a watannin nan. Na bi mota har tashar jirgin ruwa ta Nansha, na tsaya cikin zafin nan mai narka mutum sai da na ga an rufe kwantena. Bikin ƙaddamarwa kuma ban samu zuwa ba, don a bana biza ta yi wuya, wanda ya fita ba shi da tabbacin dawowa, abokan sana'ata da dama suna can gida har yau sun maƙale. Na haƙura, na ce ai Yaya Tijjani yana can, kamar ina can ne.

Na uku, abin da na tarar a faifan.

Katan ɗaya na rage don 'yan'uwa na nan. Ban buɗe ba, na ce sai mun taru mu ji tare. Wata Juma'a, bayan mun sauko daga Masallacin Huaisheng, na gayyaci mutane gidan abincin da muke cin tuwo a unguwar Xiaobei: 'yan kasuwar Kano, da mutanen Maraɗi da Damagaram, da ɗalibai biyu-uku. Shekaru ina cika musu baki da labarin yayana, wasu ma suna ganin ƙari nake yi. Na yanka katan a gabansu, na raba, mai gidan abincin ya sa faifan a rediyonsa.

Jitar tana nan, ba a taɓa ta ba. Ko a cikin barci aka tashe ni na san hannun Ɗanlami. Da aka zo waƙar “Jirgin Nguru”, inda yake sa jita ta yi kukan jirgin ƙasa, na ɗaga hannu na ce kowa ya yi shiru, yanzu za ku ji gidan silima kaf yana kiran sunansa. Na san wurin, don a na'urar tsohon nan na ji shi da kunnena: Ɗanlami! Ɗanlami! har sai da ka kasa ci gaba da waƙa. Muka yi shiru. Sai tafi kawai, wani irin tafi mai tsabta wanda ba na ranar ba. Gyaran muryarsa na farko ma babu. Wurin da kai da kanka ka ce wa jama'a, ku tafa wa Ɗanlami, shi ma an yanke.

Alhaji Musa, wani dattijo mutumin Maraɗi, yana ta juya kwalin faifan. Ya ce, “Malam Hamisu, to ina sunan yayan naka? Nan an rubuta waƙa da jita da tsara kiɗa, duk Alhaji Tijjani.” Na karɓa na duba. Hoton da muka ɗauka mu biyar a ƙofar silima ne, amma mutum huɗu ne a ciki. An goge shi daga tsakanina da kai. Wanda ya yi aikin ma bai iya ba, ya bar yatsun Ɗanlami huɗu a kan kafaɗata.

Ba wanda ya yi mini dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Kowa ya sunkuyar da kai a kwanonsa. Ɗaya bayan ɗaya suka ajiye faifan a kan tebur suka yi sallama.

Ranka ya daɗe, kai da ni mun san ba ka taɓa iya riƙe jita ba. Sau ɗaya ka gwada a zaurenmu, ka tsinka tsirkiya biyu, Ɗanlami ya yi kwana uku ba ya yi maka magana.

Na huɗu, amsar da ka ba ni.

Da na kira ka, ba ka musa ba. Cewa ka yi, “Hamisu, ka san yadda yayanka ya ƙare. Mutanen Kano ba su manta ba. Ni yanzu ina da mutuncin da nake karewa, manyan mutane ne suka zo ƙaddamarwa.” Ka ce in bar tone-tone, wanda ya mutu ya mutu.

Na san yadda ya ƙare, tunda ni na yi jinyarsa. Ɗanlami ya samu taɓin hankali. Ya yi yawo a Kasuwar Sabon Gari ba takalmi, yara sun bi shi, na sha ɗauko shi daga bakin titin jirgi. Ban taɓa ɓoye wannan ba, kuma ba zan fara yau ba. Ciwo ne Allah Ya ɗora masa, bai saya a kasuwa ba, bai saci na kowa ba. A duk tsawon jinyar nan ba ka taka gidanmu ba, ranar jana'iza aike ka yi. Mun yi maka uzuri, mun ce harkoki ne suka yi maka yawa. Amma in har sunansa zai ɓata maka mutunci, yaya aka yi kiɗansa bai ɓata maka ba? Da ka ga ba za ka iya haɗa sunanka da na mai taɓin hankali ba, sai ka cire jitar gaba ɗaya ka saki faifan da muryarka kaɗai, mu ga wanda zai saya. Ka ƙyamaci mutumin, ka lashe abin hannunsa.

Na biyar, kuma wannan ya fi ci mini rai.

A bayan kwalin an rubuta godiya ta musamman ga Hamisu na Guangzhou, wanda ya adana tef ɗin kuma ya kula da buga faifan. Duk wanda ya karanta a Fagge zai ce da sanina aka yi. Haka kuwa aka ce. Yaya Asabe, matar marigayin, wadda ta zauna da shi cikin ciwon nan ba ta gudu ba, ta daina ɗaukar wayata. An gaya mini ta ce ba ta yi mamakin Tijjani ba, Hamisu ne ya ba ta mamaki. Ka goge sunan yayana, sannan ka sa nawa ya zama shaidar cewa an yi daidai.

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma ba kuɗi ba ne, kada wani ya juya maganar.

Ka mayar da tef ɗin, ainihinsa, ba kwafi ba. Ba ni za ka ba, ka kai shi hannun Yaya Asabe a gaban shaidu, ka gaya mata da bakinka cewa ban ga bangon faifan nan ba sai bayan jirgi ya tashi da shi.

Ka dakatar da sayar da wanda ke kasuwa. In za a sake bugawa, a mayar da wasan yadda aka yi shi, da sunansa a kan waƙoƙinsa, da hotonsa a inda ya tsaya. Ka shiga gidan rediyon da ka je ka yi tallar faifan, ka faɗi wanda ya kaɗa jitar. Jimla ɗaya ta isa.

In ba za ka yi ko ɗaya ba, to ka cire sunana. Masana'antar ta kira ni makon jiya, wai Nura ya nemi a ƙara buga wani zubin. Na gaya musu su nemi wani mai lodin. Akwai masu lodi da yawa a Tianxiu, ba zan hana ka samun wani ba, amma kafaɗata ba za ta sake ɗaukar wannan kaya ba.

Sauran 'yan ƙungiya biyu da ke raye, na san wasiƙar nan za ta iso gare ku. Kuna wurin ranar nan. Shirunku ma magana ce.

Alhaji, mun tsufa. Kai ka haura sittin, ni ina bin bayanka. Ba na yi maka fatan sharri, kuma ban manta kai ka fara saya mini sandunan ganga ba lokacin da ba ni da ko sisi. Ina roƙon Allah Ya ba ka lafiya da tsawon rai, Ya buɗa wa kamfaninka ta hanyar halal, Ya ba ka ikon gyara wannan tun kana da bakin gyarawa. Allah Ya jiƙan Ɗanlami, Ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara.

Abu na ƙarshe. Ɗanlami ya bar 'ya ɗaya, Ladidi. Tana goye ciwonsa ya fara, ba ta san shi da lafiya ba, abin da ta tashi tana ji a unguwa shi ne 'yar mahaukaci. Yanzu matar aure ce da 'ya'yanta. Ta sayi faifanka da kuɗinta, ta tara yaran don su ji kakansu. Shekaranjiya ta kira ni. Ba ta yi kuka ba, ba ta zarge ni ba. Ta ce, “Baffa, don Allah ka gaya mini gaskiya, ba zan ji haushi ba. Babana ya taɓa yin kiɗan nan kuwa, ko dai kun faɗa mini ne don in ji daɗi?”

Na rantse mata. Ta ce to, ta gode. Amma na ji a muryarta rantsuwata ba ta ishe ta ba, kuma abin da zai ishe ta yana cikin gidanka.

Wassalam.

Naka,
Hamisu mai ganga, ƙanin Ɗanlami,
Xiaobei, Guangzhou.