Ni Ce Na Hana Kotu Mayar Wa Yayana Iyalinsa

Assalamu alaikum Anti mai shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana. Mai niyyar zagina ya daure ya kai ƙarshe tukuna, don na san abin da na yi ba ƙarami ba ne, sai dai zuciyata ta ƙi yarda laifi ne.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a Dubai. Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya kawo ni. Yana harkar kago, wato aika kaya zuwa gida, a kasuwar Naif, kuma a gidansa na unguwar Al Nahda na zauna da matarsa da 'ya'yansu biyu. A waje kowa yabonsa yake, duk ɗan Kano da ya sauka ba masauki shi ake kira. A cikin gida kuwa duka ne. Lokacin kullen korona abin ya ƙazanta, kasuwa a rufe, shi yana gida wuni guda. Ran da ya gwara kan matarsa da bangon kicin, jini har wuyan rigarta, babbar 'yarsu Hanan mai shekara shida tana tsaye tana kallo, na shiga banɗaki na kira 'yan sanda. Har yau ya ɗauka maƙwabtanmu Indiyawa ne suka kira.

Kotu ta bar yaran a hannun uwarsu, aka ba su mafaka, shi kuma aka ce sai dai ya riƙa ganinsu a gaban wata jami'ar kula da yara. Ya halarci duk zaman gyaran halin da aka ɗora masa, sannan ya nemi a mayar masa da iyalinsa. Hajiyarmu ta kira ni daga Kano ta ce, "Ke kika zauna da su, za a tambaye ki. Ki ce ya shiryu. Ɗan'uwanki ne, kada ki kunyata ni." Na ce to Hajiya, kuma wallahi a lokacin har zuciyata na faɗa.

Sai wata rana na raka shi ganin yaran. Jami'ar ta ɗan fita amsa waya, Hanan ta ture kofin lemo ya zube masa a jallabiya. Bai ɗaga murya ba. Murmushi ma yake yi ya kama tsintsiyar hannunta ya matse, ya ce a hankali, "Bari mu koma gida, za ki gane kurenki." Yarinyar nan ko kuka ba ta yi ba, sai fitsari na gani yana bin ƙafarta. Wannan ne shiryuwar? Wanda bai iya danne zuciyarsa a ofishin hukuma ba, me zai yi idan ya kulle ƙofa? Da jami'ar ta kira ni ni kaɗai, na kwashe komai na gaya mata, har shatin yatsunsa da na gani. Alƙali ya ƙi mayar da su, ya ce a sake zama nan gaba, kuma ba a bayyana cewa daga bakina aka ji ba.

Abin da ke ba ni kunya guda ne. Matar Yaya ta same ni a ɗakin hayar da na koma a unguwar Hor Al Anz tana kuka, ta ce, "Wa ya yi mana haka? Bizata a hannunsa take, mahaifina ya ce in na kashe aurena kada in dawo masa. Ni na gaji, gara dukan da wannan rayuwar." Na rungume ta ina ce mata ta yi haƙuri, alhali ni ce. Amma ita babba ce, tana iya zaɓa wa jikinta duka. Hanan fa, wa ya tambaye ta?

Yanzu lauyan Yaya ya sa sunana a matsayin shaidarsa. Yaya da kansa ya kawo min mandi, shinkafar Larabawa da nama, har wurin aiki, ya ce, "Ke kaɗai kika rage min, ƙanwata. Ki faɗi kalma biyu, khalas, shi ke nan, mu koma gidanmu." Zan tsaya gaban alƙali in rantse, shi yana zaune yana kallona. In na yi ƙarya, na mayar da yarinya hannunsa da bakina. In na faɗi gaskiya, Hajiya ta riga ta ce duk mai hannu a raba gidan ɗanta ba ta yafe ba, ga ta da hawan jini.

Kada wanda ya ce min in rufa asiri. Asirin wa, na mai duka ko na wadda ake duka? Ƙarya dai ba zan yi ba, na gama yanke wannan, ko da zan rasa Yaya har abada. Hajiya ce ban san yadda zan yi da ita ba. In kira ta in gaya mata da bakina kafin ranar, ko in bari ta ji daga bakinsa? Uwa ce, kuma ina tsoron bakinta. Me zan yi?