Makullin Moto Yana Jakata

Baba,

Na fita aiki kana barci. Kada ka wahala neman makullin moto, yana jakata. Ka yi haƙuri. Jiya da ka faɗi da moton aka kawo ka daga unguwar Wemtenga gwiwa duk jini, ka ce rami ne. Mai shagon da ya ɗaga ka ya ce mini babu rami a wurin, jirin nan ne ya sake ɗibar ka.

Da la'asar na bi layi har ƙafafuna suka kumbura, na yi maka katin bis, wato motar bas, na wata guda. Yana ƙarƙashin kofin shayinka. Nuna shi kawai za ka yi, ba sai ka yanki tike ba. Ka hau mai zuwa Dasasgo, ta gaban shagonka take bi. Takan daɗe ba ta zo ba, ka riƙe ruwa. In an tashi an ba ka kujera, don Allah ka zauna, kada ka ce kai ba tsoho ba ne.

Na gaji da faɗuwar gaba duk lokacin da wayata ta yi ƙara. In faɗa ne, ka ajiye mini shi, ina dawowa bayan magariba.

Murja