Hannuwan da Na Zauna a Kansu

Zuwa ga Salanieta, ruwan kwakwata a tsakar rana, iskar teku mai hawowa har kan dutsenmu, alƙaliyar gidana da ba a ɗaukaka ƙara a gabanta!

Yau kwana tara da kika naɗe tabarmarki kika tafi wurin ƙanwarki a Sigatoka. Kwana tara! Gwaza ta daina daɗi, kaji sun daina kula ni, 'yarmu Kelera kuwa dire mini kwano take yi ta juya, ko tari ba ta yi mini.

Na san laifina, hasken idona. Rajnesh ya zo da iyayensa neman auren Kelera. Indiyawa ne, manoman rake, amma sun koyi al'adarmu tsaf, suka durƙusa suka miƙo tambua, haƙorin babban kifin tekun nan da in uba ya karɓa, to ya ba da 'yarsa. Ni kuwa na zauna a kan hannuwana, na ce sanyin ƙashi ne. Sanyin ƙashi! Da hannun nan na cinye gurasar roti huɗu cikin waɗanda suka kawo, kina kallona.

A bakin ƙofa kika tambaye ni, tsoho, me yaron nan ya yi maka? Kwana tara ina laluben amsa. Yana gaisuwa, yana son 'yarmu, shi ya gyara famfon cocinmu alhali ba cocinsu ba ne. Duk abin da na samo a kansa sunansa ne, sai maganganun da kakata ta ɗura mini a kan Indiyawa tun ina goye.

Kin tuna ranar da na sauko daga dutse da nawa tambuan, laka har gwiwa? Mahaifinki, mutumin bakin teku, da yake cewa mu 'yan dutse ko kifi ba mu iya ci ba sai ƙaya ta shaƙe mu? Ya haɗe fuska kamar ya tauna lemun tsami, ke kina leƙe ta bayan ƙyaure da jan fure a kunne, zuciyata tana dukan ƙirji kamar gangar kiran coci. Amma ya miƙo hannu! Har ya koma ga Allah bai so 'yan dutse ba, sai dai bai taɓa barin ƙin nan ya sauko hannunsa ba. Da ya zauna a kan nasa, wa zai yi mini faɗa shekara arba'in da ɗaya?

Ba zan yi miki ƙarya ba, zumata, nawa ƙin bai mutu ba. Tsohon kare ne a cikina, yana gurnani da ya ji baƙon suna. Amma yanzu na gane nawa ne, ni ke da alhakin ɗaure shi. Jiya na taka har gonar rake na roƙi mahaifin Rajnesh su dawo ranar Asabar. Ya ba ni miyar da yajinta ya sa ni hawaye, ya zaci nadama ce, ya rungume ni. Na bar shi a haka.

Ki dawo ranar Juma'a, don Allah, tauraruwata. Ki zauna dab da ni a kan tabarma. In kika ga hannuna yana neman ƙarƙashin cinyata, ki mintsine ni a gaban kowa, na yafe tun yanzu.

Naki har teku ta hau dutsenmu,
Ilaitia, wanda sanyin ƙashi ya sake shi.